Girshin da Na Ɗinka wa Yasir

Daɗewata a Makka ta sa na ɗauka babu Larabcin da zai gagare ni. Ina shagona na ɗinki a unguwar Mansur, sai ga Yasir, ɗan ƙanwata, haifaffen nan. Wai shi da wasu matasa a intanet kowa ya zaɓi dabbar da yake jin ita ce shi, suna ɗinka shigarta su sa, kuma za su haɗu a Jidda.

"Kawu, ni girsh ne. Ka ɗinka mini."

Ya zaro waya zai nuna mini hoto, na ɗaga masa hannu. Ni za a nuna wa girshi, ɗan kwabon Larabawa? Ban tsaya tambayar yaushe kwabo ya zama dabba ba. Tausayi ma ya ba ni: saurayi shiru-shiru, ashe haka ya raina kansa. Na yanka soso ƙato kamar faifai, na lulluɓe shi da yadi ruwan azurfa, har da ƙofar fitar da kai.

Ranar karɓa ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce girsh ɗinsa kifin teku ne mai haƙora kamar zarto. Ana ma cewa daga shi Ƙuraishawa suka samo suna, don yana ci, ba a cin sa. Shi da ya taso ana cin zalinsa a makaranta, abin da yake so ya zama ke nan ko na yini ɗaya.

Ni kuwa na mayar da shi canji.

Bai je Jidda ba. Har yau in na doso, mai shayin layinmu sai ya ɗaga murya: "A matsa, ga girshi nan ya gangaro!"