Makarantar Tsakiyar Igiya

Duk wanda ya san Malam Tukur na Bakori ya san shi da cika baki, ga kuma tumbi Allah ya hore masa. Da ya tafi ƙasar Sin karatun harsuna, sai ya ji labarin wata ƙabila da ake kira Nu, can cikin duwatsu a bakin wani ƙaton kogi. Harsunansu huɗu ne, ɗaya daga ciki, wato Anung, ya kusa bin magabata, don sai tsofaffi ke yin sa. Nan take gogan naka ya bugi ƙirji ya ce shi zai ceto shi. Aka ce masa ai sai ya nemi wata tsohuwa mai suna Ana, amma gidanta yana ƙetaren kogi. Da ya isa bakin ruwa, wasu tsofaffi suka nuna masa igiyar ƙarfe da aka ɗaure daga wannan dutse zuwa wancan. Rataye mutum ake yi ta ƙugu, a tunkuɗa shi ya zurara, wai har saniya an sha ƙetarwa haka.

Tukur ya leƙa ƙasa, ya karanto duk addu'ar da ya haddace, har da ta cin abinci. Aka tunkuɗa shi. Ita igiya ta saba da siraran mutanen dutse, ba ta taɓa ɗaukar wanda ya tashi da tuwon masara ba. Yana kaiwa tsakiya ta lotsa, ya tsaya cak yana reto kamar guga a bakin rijiya. Takalminsa ɗaya ya faɗa ruwa, ko ƙarar isarsa bai ji ba. Wallahi ya ji tsoro, irin tsoron da ke sa babban mutum kiran sunan uwarsa.

Can sai ga tsohuwar ta fito daga wancan gefe tana jan alfadari. Ba gaggawa ta zuraro masa ƙugiya da siririyar igiya, ɗaya bakin kuma ta ɗaura wa dabbar. Tukur ya maƙala ƙugiyar a ɗamararsa, ya ɗaga murya da Sinanci: “Iya, ki taimake ni, ki ja.”

Ita ma da Sinanci tsaf ta amsa: “Ɗan nan, kai ne mai ceton harshenmu?”

“Ni ne, Iya.”

Daga nan ta rufe Sinanci kamar an kulle shago. Ta nuna kogi da sanda, ta faɗi wata kalma da Anung, ta tsaya tana jira. Tukur ya maimaita a karkace. Tsohuwa ta mai da alfadari baya taku ɗaya, malam ya ƙara zurarawa tsakiya. Ya sake faɗa, wannan karon daidai, alfadari ya yi gaba taku ɗaya. To fa, karatu ya kankama. Ya koyi dutse, ya koyi gajimare, ya koyi gaggafar da ke shawagi a kansa tana duba ko rabonta ne. Mutumin da ya shekara biyu kafin ya iya gaisuwa da Sinanci, ga shi yana haɗiye kalmomi kamar mayunwaci ya samu ƙosai. Alfadarin ma ya gane aikin, da ya ji kuskure shi da kansa yake ja da baya.

Sai da la'asar ta yi ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ya zube yana haki, ransa a ɓace, ya ce, “Iya, wannan ai zalunci ne. Saura ƙiris in zama abincin kifi.”

Ta ce, “Kalma nawa ka koya?”

“Sittin da biyu.”

“Akwai wadda ka manta?”

“Ko a kabari aka tashe ni zan kawo su.” Ya waiga ya dubi igiyar, ya tuna akwai komawa. Ya sassauta murya: “Don girman Allah, Iya, babu wata hanyar ƙetare kogin nan?”

Tsohuwa ta ci gaba da kwance alfadarinta, ta ce, “Akwai gada mana, ga ta can bayan dutse. Jikokina tara kullum ta nan suke bi, shi ya sa har yau ko ‘ruwa’ ba su iya faɗa da Anung ba.”