Yaƙin Kwanar Ɗorawa

Da sunan Mai kowa Mai komai muke buɗe tarihin Malam Ilu ɗan Barau, jikan Jatau mai awon hatsi, tattaɓa-kunnen wanda ya taɓa ƙirga shanun gari kaf bai yi kuskure ba sai sau biyu, Sarkin Rajista na ƙaramin asibitin Rafin Tsamiya, ma'abocin jan biro da shuɗi, dodon kati, wanda in ya daka tsawa ya ce "Na gaba!" sai layi ya girgiza. Mai rubuta wannan tarihi ya san shi farin sani, don hula ɗaya suke sawa, kuma kunyar da za a ambata har yau ba ta sake shi ba.

A shekararsa ta shida bisa kujera, takarda ta iso daga ƙaramar hukuma: za a ba asibitin mota da magani rana ɗaya a wata, a kai wa masu hawan jini da ciwon suga har inda suke, domin tsofaffi sun fara yanke zuwa saboda nisa, wasu sai an kawo su ɓarin jiki ya shanye. Amma wuri ɗaya tak za a zaɓa, in an zaɓa kuwa ya zaunu sai shekara ta zagayo.

Sista Ladidi, shugabar asibitin, ta ce a tambayi masu unguwanni. Gwarzo Ilu ya yi murmushi irin na masana. "Sista, zamanin ji-ta-ji-ta ya wuce. Alƙaluma ne za su yi magana!"

Ya auka ɗakin ajiya shi kaɗai, ba garkuwa ba sulke, ya yi artabu da rundunar gara da kyankyasai, ya ƙwato daftari goma sha ɗaya daga hannunsu, ya kwashe kwana tara yana lasar yatsa yana juya shafi, har Allah Ya ba shi fatahi mabayyani: cikin majinyata ɗari biyu da sha ɗaya, ɗari da arba'in da uku mutanen Kwanar Ɗorawa ne. Ya zana taswira a bayan kwali, ya yi wa wurin jan da'ira. Sista ta duba hujja, ta sa hannu.

Ranar Talata tawaga ta ɗaga: mota, tebur, benci huɗu, na'urar awon jini, katan-katan na magani, da jarumi a gidan gaba ya rungume sabuwar rajista. "Yau hawan jini zai san an zo!" in ji shi.

Suka isa. Ga ɗorawa, ga kwana, ga mai shayi da tukunyarsa. Gida ko na kara babu.

"Malam, ina garin?" Ilu ya tambayi mai shayi.

"Wane gari, ranka ya daɗe? Nan mota ake jira. Ni kaina ba a nan nake kwana ba."

Runduna ta zauna bisa bencinta har rana ta take tsaka. Can sai ga Iya Tabawa, tsohuwa mai hawan jini, ta ɓullo daga hanyar gona tana dogara sanda, za ta hau mota zuwa asibiti. Tun asuba take tafe. Sista ta auna ta, ta ga jinin ya yi sama sosai.

"Iya," in ji Ilu, "ba ke 'yar Kwanar Ɗorawa ba ce?"

"Kai ka mai da ni, ɗan nan. Mu ƙauye bakwai ne a bayan dutsen can. Duk wanda ya faɗa maka sunan garinsu sai ka ɗaure fuska ka ce ina ne kuma nan. Mu ce ta Kwanar Ɗorawa ake bi. Kafin mu rufe baki ka rubuta, ka ce na gaba."

Gumi ya karyo wa jikan Jatau. Wuri ya riga ya zaunu, wata goma sha biyu cur, kuma da hannunsa ya rubuta adireshin nan sau ɗari da arba'in da uku. Ya yi tuba na gaskiya a zuciyarsa, ya buɗe sabuwar rajista, ya sassauta murya kamar mai gaida suruka.

"Iya, don Allah faɗa mini sunan garinku na ainihi."

"Tungar Ɓaure."

Sarkin Rajista ya ɗaga biro, ya tsaya. "Ina ne kuma nan?"