Barau Mai Zaɓen Mota da Kunne

Wani mutum ne a garinmu ana ce masa Barau Kunnen-Inji. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya yi ta maimaita shi har ya bi shi. In ana zaune wurin mai shayi mota ta wuce, sai ya ɗaga yatsa kowa ya yi shiru, ya karkata kai, ya ce, "Wannan ba za ta kai Sallah ba." In ta kai Sallar, sai ya ce ai babbar yake nufi. A faɗarsa har tirela ya taɓa gyarawa ta waya, direban ya kara masa wayar a bakin salansa kawai. Gaskiyar magana kuwa, abin da Barau ya taɓa tuƙawa bai wuce babur ba, shi ma na aro.

To, surukinsa Alhaji Tambaya manomin albasa ne, dattijo mai kawaici, wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ce maka sannu. Ya gaji da albasarsa tana ruɓewa a fadama ana jiran motar haya, ya yi niyyar sayen akori-kura ta hannu. 'Yarsa Hansatu, matar Barau, ta yi ta yi masa magiya ya tafi da mijinta zaɓen motar, har ya aika aka kira shi.

Barau ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa.

Alhaji ya ce, "Malam, an ce kana da ido a kan mota."

"Kunne dai, Baba. Ido na 'yan koyo ne."

"To madalla. Ka raka ni birni. In ka zaɓo mana mai lafiya, makullin a hannunka zai zauna, kai ne direba."

Kafin la'asar babu wanda bai ji ba. Har mai shayi Barau ya yi wa alkawarin gidan gaba.

Suka isa filin sayar da motoci, wani dillali mai suna Ɗanlasan ya tarbe su da fara'a. Ya fara nuna musu wata fara tas, ya ce, "Alhaji, wannan fetur take sha, giyarta otomatik, ita take canza kanta. Lafiyarta ƙalau."

Barau ya taɓe baki. "Motar ragwaye. Baba, fadama za mu shiga, ba gidan biki ba. Ka loda wa wannan albasa ta hau gangaren Rafin Kuka, kuka za ta yi ta dawo da baya. Mu dizal muke so, mai giyar hannu, wadda in ta yi gurnani kare zai bar unguwa."

Aka nuna musu ta biyu, ya ce tarin asma take yi. Ta uku ya ce injinta na da munafunci.

Can ƙarshen fili, jikin katanga, ya hango wata shuɗiya, ƙatuwa, ta sha ƙura. Ya nufe ta yana gyara hula.

Ɗanlasan ya biyo shi da sauri. "Maigida, wannan ai..."

"Dillali, ka san shekarun da na yi a cikin inji?"

"A'a, amma ita wannan..."

"To ka bar ni da ita. Ku da kun ga mai kyau sai ku ɓoye ta a lungu, kuna jiran 'yan uwanku. Na san halinku."

Ya cire hula ya miƙa wa dillalin. Ya juya wa motar baya, ya runtse ido, ya kama kunnensa na dama ya ja shi kamar mai buɗe taga. Ya ce, "Tayar da ita."

Ɗanlasan ya dubi Alhaji, Alhaji ya dubi ƙasa. Ba wanda ya motsa. A bayan katangar nan kuwa akwai wata mata mai injin markaɗe, kuma daidai lokacin aka kawo mata kayan miya. Ta ja igiya. Tut. Tut-tut. Tututututu.

Barau ya yi murmushi ido a rufe. "Allahu akbar. Baba, ka ji? Dizal ce, silinda shida. Wannan injin makanike bai taɓa sa masa hannu ba."

Matar ta zuba attarugu, ƙara ta sauya, gurrr.

"Yauwa, dillali, ƙara mata wuta. Ka ji yadda take karɓar totur? Ko dutse ka ba ta za ta niƙe."

Ɗanlasan ya cusa hular Barau a baki don kada dariya ta ƙwace masa.

Iska ta kwaso yajin ta katanga. Barau ya yi atishawa, ya sake, ya kuma sake, hawaye na zuba. Ya share da hannun riga ya ce, "Haka hayaƙin dizal na asali yake. In bai sa ka atishawa ba, an gauraya shi."

Alhaji ya yi gyaran murya. "Malam, da ka buɗe ido..."

"Saura kaɗan, Baba. To, kashe ta."

Markaɗe ya ƙare, inji ya yi shiru. Barau ya buɗe ido yana huci kamar wanda ya yi kokawa ya yi kaye.

"Saura giya," in ji shi. Ya haye gidan gaba, ya riƙe sitiyari, ya taka kuloci, kuloci ya tafi ƙasa lakwas bai dawo ba. Ya kama sandar giya, ta yi ta yawo a hannunsa kamar muciya a tukunyar da ba tuwo. Ya tura gaba, ta tafi. Ya ja baya, ta zo. Ya juya ta, ta zagaya.

"Laushi kamar man shanu. Baba, wasu sai ka yi kokawa da su, wannan kuwa da ɗan yatsa..."

Fit, sandar ta fito gaba ɗaya a hannunsa.

Ya dube ta. Ya dubi ramin da ta fito, yana hango ƙasa da ciyawa ta ciki. Ya ce, "Irin ta waje ke nan. Cire ta ake yi a shiga da ita ɗaki, saboda ɓarayi."

Yana rufe baki aka kawo wa matar nan wani markaɗen. Tututututu. Ga Barau zaune a kujerar direba, ga ramin makulli wayam, ga dillali can gefe ya dafe ciki.

Gumi ya karyo masa. Amma bakin bai mutu ba. "Injin kirki ba ya son zama, Baba. Da kansa yake tashi."

Alhaji ya gyaɗa kai a hankali. "Ikon Allah. To Malam, ni ko akuya zan saya sai na buɗe bakinta na ga haƙori. A ɗaga mini murfin nan in sa masa albarka."

Barau ya sauko, sandar giya har yanzu a hannu. Ya laluba gaban motar, ya ɗaga bonet.

Kwaaak. Wata jar kaza ta yi tsalle daga ciki, ta bi ta fuskarsa da fukafukai, ta bar masa shaida a kafaɗa, ta haye katanga tana zage-zage. Inda inji ya kamata ya zauna babu komai sai tsumma da ƙwai a jere, da ɗuminsu.

Ɗanlasan ya samu numfashi da ƙyar. "Abin da nake ta so in faɗa ke nan. Tun bara aka sauke injin da giyar duka, gangar jikin ce ta rage."

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙwan. Sannan ya ce wa dillalin, "Mu koma wurin farar nan ta ragwaye. Ka kuma nemo mini direba, ko kurma ne."

Ya juyo wurin surukinsa, murya a ƙasa, cike da ladabi.

"Malam, ni ban san harkar mota ba, ka fi ni sani. Ita wannan mai silinda shidan da ta haye katanga, dizal ɗin za a ci gaba da ba ta, ko tsaba ta isa?"