Sunan Inno a Kan Simintin Gwamnati

Zuwa ga Mai Girma, Uban Malamai, Shugaban Ofishin da ke Horar da Mu, wanda sa hannunsa kaɗai muka taɓa gani.

Bayan gaisuwa, da fatan fankar ofis tana juyawa lafiya. Ni ne ɗaya daga cikin malaman da kuka tara a Kazaure kwas na mako biyu, inda aka koya mana kada darasi ya bar kowane yaro a baya, makaho ne ko kurma ko gurgu. Na dawo da takardar shaida da littafi mai shafi ɗari biyu. Ranka ya daɗe, ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. Littafin ya ce a zaunar da mai raunin gani kusa da taga. Na rubuto muku cewa makarantarmu gindin tsamiya ce. Cikin adalcinku kuka aiko da taga. Mun rataye ta a reshe, yara suna leƙawa bi da bi.

Na biyu. Ina da ɗaliba, Inno, 'yar Sama'ilu makiyayi, kurma ce, ba ta ji ko kaɗan. Na nemi allo da alli, kuka aiko mata da rediyo. Tana rungume ta da ladabi har a tashi.

Na uku. Ɗan kwangila ya zo ya gina mana hawa na siminti don keken guragu. Ba mu da mai keke, ba mu da ajin da za a hau a shiga. Hawan ya tashi daga ƙasa ya ƙare a iska. Awakin unguwa sun ce in miƙa godiyarsu.

Na huɗu, wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami. Da yatsa nake koya wa Inno rubutu a ƙasa, ko da yake sufetonku ya ce wannan hanya ba ta cikin littafi. Ubanta kuwa ya ce rubutun da iska ke sharewa ba rubutu ba ne, in ya dawo da shanu daga kudu bai ga sunanta a rubuce inda ba zai goge ba, to za ta bi garke. Ranar da aka zuba simintin nan, tun bai bushe ba, yarinyar ta durƙusa ta rubuta INNO, ba wanda ya riƙe mata hannu. Ba zan ɓoye muku ba, na yi hawaye.

Jiya takardarku ta iso: wai ɓarnar kayan gwamnati ce, za a shafe ran Litinin. Shin in an shafe, hawan zai kai wani wuri? Wane shafi ne ya hana kurma rubutu a kan abin da aka gina don kada a bar kowa a baya?

Sama'ilu zai iso ran Laraba. Na haƙura da allo, kwana biyu kawai nake roƙo. Ofishin da ya shekara bai aiko da alli ba, na tabbata jinkirin kwana biyu ba zai gagare shi ba.

Naka mai biyayya, a durƙushe ƙarƙashin tagarku,

Malam Lauwali,
Gindin Tsamiya, ƙasar Gwiwa, 1977.