Gimbiya Ta Rasu a Kan Bencin Baba Kafinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuska mai cike da kunya, malamin sashen kafinta na wannan makaranta, wanda ɗalibai ke kira Malam Zamani, yana sanar da rasuwar Gimbiya, injin sassaƙa katako mai aiki da kwamfuta. Ta cika ranar Laraba da hantsi a gaban shugaban makaranta da ɗalibai talatin da biyu, bayan jinyar da ba ta kai minti biyar ba. Ta rasu tana da wata bakwai a duniya.

Marigayiya ba ta zo da sauƙi ba. Shekara biyu Malam Zamani ya yi yana rubuta takardu, yana buga tebur a taron malamai, yana cewa abin kunya ne a ce yaran wannan ƙarni suna jan zarto kamar kakanninsu. Har yau bai janye wannan magana ba. Ranar da aka sauke ta, kwana uku ya yi durƙushe yana daidaita ƙafafunta, yana ɗaura mata bututun zuƙe garin katako. Don a samar mata wuri, ya sa aka kwashe zartuna da cizal da guduma aka jibge a sito. Baba Kafinta, tsohon malamin da ya riƙe sashen tun kafin a haifi Malam Zamani, ya tsaya yana kallo, hannu a baya. Cewa kawai ya yi, "A shafa musu mai, ɗana, kada su yi tsatsa."

Gimbiya ta kasance mai biyayya. Idan aka nuna mata inda saman katako yake, aka ba ta zane, ba ta gardama, ba ta cewa sai gobe. Tana fara aiki da wani "ziiii" siriri, ta sunkuya, ta fitar da fure ko harafi kamar an zana da alƙalami. Aibinta ɗaya ne: ba ta taɓa tambayar mai ba ta umarni ko ya san abin da yake yi ba.

Ga yadda ajali ya zo. Baba Kafinta yana da wata ɗabi'a: duk tsohon katakon da aka kawo, sai ya bi shi da maganaɗisu taku bayan taku, yana neman ƙusar da ta nutse. Malam Zamani ya soke wannan a makon farko, ya kira shi ɓata lokaci. Da ya tashi yi wa ƙofar sashe sabon allo, sai ya zaɓi saman tsohon bencin aikin Baba, don kowa ya gani da idonsa cewa an juya shafi. Bencin nan shekara arba'in yana shan ƙusar ɗalibai. Baba ya miƙo maganaɗisunsa. Malam Zamani ya yi murmushi irin na wanda ya yi karatu, ya ce, "Baba, ajiye kayanka, wannan kwamfuta ce."

A harafi na biyu aka ji "ƙas". Haƙorinta, wato ƙarfen da take yanka da shi, ya karye. Mai hankali a nan zai tsaya. Malam Zamani ya ga shugaban makaranta ya duba agogo, sai ya sa sabon haƙori, ya ƙara mata gudu, ya juya mata baya ya ci gaba da jawabi kan illar zaman jiran tsammani. A harafi na uku ta ci karo da wata ƙatuwar ƙusa mai kaurin yatsa. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "gurrr", sai hayaƙi. Baba Kafinta ne ya danna jan maɓallin tsayarwa, don shi kaɗai ke kallon katakon, sauran duk bakin mai jawabi suke kallo. Mai gyara ya zo da azahar, ya sunsuna injin, ya cire hularsa.

Ta rasu ta bar kwamfuta ɗaya cike da zane-zane, da haƙora tara da ba su taɓa cizon komai ba, da allo mai harafi biyu da rabi. Ta kuma bar marayu talatin da biyu, 'yan ajin ƙarshe, waɗanda nan da kwana goma sha biyu za a zo a duba ƙaramin teburin kowannensu a matsayin jarrabawa. Ƙafafun tebur goma kawai ta huda. Yaran nan sun iya zana mahaɗa a kwamfuta, amma babu wanda ya taɓa fafe rami da cizal, domin malaminsu ya ce musu wannan aikin ya wuce. Idan suka faɗi, ba Gimbiya ce ta kayar da su ba.

Saboda haka Malam Zamani ya je ya sami Baba Kafinta a bakin sito, ya gaishe shi gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya nuna zartunan da ke jibge ya ce, "Ka shafa musu man?" Bai shafa ba.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a da ƙarfe takwas na safe. Ƙarti shida za su ɗauki gawar zuwa kusurwar sito, inda za ta kwanta har a samo mata sabuwar zuciya, kuma mai makoki ya riga ya fara rubuta takardu. Akwatin da ta zo a ciki an yanka shi tuni wajen gwaji, don haka Baba ya ce zai haɗa mata wani da hannu. Kafin a kwantar da ita za a fito da zartuna da cizal, tunda wurinsu za ta kwanta.

Ba za a yi zaman makoki ba. Masu ta'aziyya su zo da tsumma da dutsen wasa wuƙa. Darasi zai fara da ƙarfe tara, da kankare tsatsa. Baba Kafinta ya nemi a jera kujeru talatin da uku, ya ce ta ƙarshen, ta mai makoki, a sa ta a gaba, kusa da shi.