Rasuwar Rumbu, Ma'ajin Hotunan Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da rasuwar Rumbu, ɗan baƙin akwatin nan da ake jona wa kwamfuta, wanda ya riƙe hotunan gidanmu kaf. Ya cika ranar Talata da hantsi, a kan teburina, bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ba mai surutu ba ne, sai ɗan gurnani, zuuu, idan yana aiki. Bai taɓa raina hoton da ya fito dishi-dishi ba, bai kuma tona asirin gashin bakin da Yaya ya gwada a jami'a ba. A cikinsa na jera komai shekara-shekara, kowane hoto da sunayen mutanen ciki. Da aka ga tsarin ya yi kyau, kowa ya turo nasa ya goge daga wayarsa don samun fili, wai ai ni mai digiri na adana. Ni ma na goge nawa.

Ciwon ya fara da nawar buɗewa. Daga nan sai ƙyas, ƙyas, kamar mai neman numfashi. Mai gyara ya kara shi a kunne, sannan ya tambaye ni ina ɗan'uwansa. A ranar na fara jin cewa irinsu ba a barin su su kaɗai. Biyu ake ajiyewa, ɗaya a wani gidan.

Ya tafi da auren Anti, da haƙorin farko na Auta, da hoton marigayi Baba yana dariya a ƙofar kicin, wanda Umma ke sa ni in buɗe mata duk ranar da kewarsa ta taso.

Ya bar igiyarsa, da jakarsa, da hoto guda da ya tsira a tsohuwar wayar Kawu, inda ake ganin kafaɗar Baba da rabin kunnensa.

Za a yi jana'iza gobe a aljihun tebur na ƙasa, kusa da matattun cajoji. Ana karɓar gaisuwa a ɗakina, da murya ƙasa-ƙasa, domin Umma ba ta sani ba tukuna. Jiya ta ce in kawo mata Baba, na ce kwamfutar ba caji. Masu zuwa, don Allah ku duba tsofaffin wayoyinku kafin ku taso, ko da ƙeyar Baba ce ta fito. Yau da safe Umma ta aiko mini da cajarta.