Nomau da Kiryar Kan Iyaka

A Gidan Kirya akwai wani masassaƙi mai suna Jibo, gwanin turmi da taɓarya da akushi. Yana zaune da matarsa Tabawa da ƙanensa Nomau. Nomau ƙato ne mai gemu, ga ƙarfi, ga ladabi. Aibinsa ɗaya: yadda magana ta shiga kunnensa, haka take fita ta hannunsa.

Wata rana Jibo ya ɗora masa turmi ya kai ƙauyen gaba. Ya ce, "Rana ta yi, ka yanke hanya ta bayan gari." Nomau ya sauke turmin a bayan gari, ya sa gizago ya haƙa rami daga wannan gefen hanya zuwa wancan. Jakin wani mai tukwane ya zo ya afka. Da Jibo ya iso, Nomau ya share gumi ya ce, "Yaya, ta yanku. Amma tana da tauri."

Wata rana Jibo zai tafi suna, ya miƙa masa wata taɓarya da ta yi kauri. Ya ce, "Yi ta sassaƙa har in dawo." Hira ta riƙe Jibo sai la'asar. Ya tarar da Nomau cikin tulin ɓawon itace, riƙe da wani abu kamar tsinken sakace. Nomau ya ce, "Gara da ka dawo, Yaya. Saura kaɗan ta ƙare."

Wata rana Tabawa, da yake tana ɗan kasuwancin ƙore, ta ce, "Nomau, je kasuwa ka saro mini ƙore masu kyau." Ya ɗauki adda. Ya tsaya gaban mai ƙore, ya zaɓi masu kyau ya jera, ya bi su da sara ɗaya bayan ɗaya. Sai da Jibo ya ba mai ƙoren sabon turmi kafin ta daina kururuwa.

Ana nan sai rigima ta tashi tsakanin Jibo da maƙwabcinsa Barmo a kan wata tsohuwar kirya da ke kan iyakar gonakinsu. Kowa ya ce ta ubansa ce. Gaisuwa ta mutu, mata suka daina aron wuta, har aka fara fita gona da gora. Dagaci, tsoho mai rawar hannu, ya tara su ya ce, "Gobe zan yanke hukunci a kan itacen nan."

Nomau ya dubi hannun dagaci, tausayi ya kama shi. Da sassafe ya saɓa gatari.

Da jama'a suka hallara, kirya tana kwance. Cikinta duk kogo ne, ruɓaɓɓe tun daga gindi, ko ludayi ba zai fita ba. Jibo ya leƙa, Barmo ya leƙa. Can Barmo ya ce, "Na bar maka, Jibo." Jibo ya ce, "A'a, ta ubanka ce." Dariya ta ƙwace wa kowa, su biyun suka tafa.

Nomau ya durƙusa gaban dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, na hutar da kai yankan. Sai dai na duba ciki, ban ga hukuncin ba."

Dagaci ya kakkaɓe rigarsa ya miƙe. Ya ce, "Mu mun gani."